Tambaya: idan ƙasa ta saki kasuwa, mai karatu ne ke cin riba ko shi ke shan wuya?

Nusaiba_Aji3

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin tattalin arziki ku taimaka min da wani abu da ya ɗaure min kai. Ina aji uku a jami'a, a kwas ɗinmu na tattalin arzikin ƙwadago malaminmu yace ƙasashen da a da gwamnati ce ke riƙe da komai, masana'antu da farashi da albashi, irin su Sin da Rasha da gabashin Turai, da suka saki suka koma tsarin kasuwa sai darajar karatu ta tashi, wato tazarar albashi tsakanin mai digiri da wanda bai yi nisa a makaranta ba ta ƙaru sosai. Na rubuta a littafi dai amma zuciyata bata kwanta ba, saboda babana tsohon ma'aikacin gwamnati ne kuma kullum maganarsa ita ce SAP ɗin Babangida, wato tsarin tsuke bakin aljihu da sakin kasuwa, ita ce ta karya masu karatu a ƙasar nan, yace kafin 1986 malamin sakandare yana iya sayen mota da albashinsa, bayan nan sai ɗan kasuwar da suka bari a firamare ya koma shi ke ranta masa kuɗin haya. To wanne ne gaskiya? Kasuwa tana ɗaga mai karatu ko tana kada shi? Akwai aikin da za mu miƙa a kai kuma so nake in fahimta da gaske ba kwafa kawai ba. Na gode.

MalamGarba_Samaru

Wa alaikumus salam Malama Nusaiba. Malaminku ya faɗi daidai, mahaifinki ma abin da ya gani da idonsa ya faɗa, matsalar kowa wani ɓangare na lokacin yake kallo. Bari mu tsaya a kan Sin don nan ne aka fi auna abin.

Tun 1956 suka kafa tsarin albashi guda ga ƙasa baki ɗaya, ma'aikacin masana'anta mataki takwas ne zai hau, kuma daga Beijing ake yanke nawa kowane mataki zai karɓa. Abin da ke ɗaga ka yawanci daɗewa ne a aiki. Gida da asibiti da makarantar yara duk wurin aikinka ne ke bayarwa, ba a korar mutum, shi ma ba ya iya tashi ya koma wani wuri, idan ka gama jami'a gwamnati ce za ta ce maka ga inda za ka. A irin wannan yanayi injiniya da leburan da ya daɗe tazararsu kaɗan ce, wani lokaci ma leburan ya fi. Sannan ga shekaru goman juyin al'adu na shugabansu Mao daga 1966 zuwa 1976 da aka rufe jami'o'i na wani lokaci aka riƙa tura malamai da ɗalibai ƙauye noma, karatu ya zama abin zargi. Sai 1977 aka dawo da jarrabawar shiga jami'a, mutum wajen miliyan 5.7 suka zauna aka ɗauki kusan dubu 270 kacal.

Deng Xiaoping, jagoran Sin bayan Mao, ya fara sakin kasuwa a ƙarshen 1978, kuma ga inda labarin babanki ya shigo. Waɗanda suka fara samun kuɗi manoma ne da aka bari su sayar da rarar amfaninsu, da masu ƙananan shaguna da direbobi, su kuwa likitoci da malaman jami'a suna nan ɗaure da albashin gwamnati farashi yana tashi yana barinsu a baya. Har mutanen Sin suka riƙa cewa a shekarun 1980 wai mai ƙera makamin nukiliya bai kai mai sayar da dafaffen ƙwai samu ba, mai riƙe da wuƙar tiyata bai kai wanzami ba. Kinga kenan su ma sun bi ta wannan hanyar.

Yadda muke aunawa shine, kowace shekara ɗaya da mutum ya ƙara a makaranta kashi nawa take ƙara masa a albashi, idan an cire tasirin daɗewa a aiki, hanyar masanin tattalin arziki Jacob Mincer kenan da nasan an koya muku. Binciken Junsen Zhang da abokan aikinsa a biranen Sin ya samu kashi 4 cikin ɗari a 1988, zuwa 2001 ya haura kashi 10, wato ya kamo matsakaicin duniya. Me ya faru a tsakani? A 1992 Deng ya yi rangadin kudu har Shenzhen ya ce a ƙara saki, kamfanonin waje da masu zaman kansu suka cika bakin teku, a tsakiyar shekarun 1990 aka daina rarraba wa masu digiri aiki, sannan a ƙarshen shekarun aka sallami miliyoyin ma'aikatan masana'antun gwamnati. Sai mai aiki ya samu damar tashi daga nan ya koma can, mai kamfani kuma da kuɗinsa yake kasada, idan ya ɗauki akantan da bai iya aiki ba shi zai karye, kuma masu neman ƙwararren akanta sun fi akantocin yawa. Nan ne farashin karatu ya tashi, bayan fiye da shekara goma ana jira.

AlhajiKwari

Salam. Malam Allah ya kara basira, ni ban yi boko mai nisa ba amma na dade ina zuwa Guangzhou saro kaya kuma akwai abinda nake so yarinyar nan ta lura dashi. Duk lissafin da kukeyi na yan albashi ne. Masu kamfanin da muke sayen yadi da takalma a wajensu, dattawan cikinsu da yawa in ka zauna dasu ta bakin tafinta zakaji ko sakandare basu gama ba, daga kauye suka fito suka fara da keken dinki biyu uku yanzu suna da ma'aikata dari dari, yarinyar dake mana turanci tana rubuta takardun kwantena ita ce mai digiri kuma shi yake biyanta. Toh a lissafinku ita zaku kirga shi baku ganshi ba tunda baya karbar albashi. Ban ce karatu bashi da amfani ba wallahi, ai shi kansa mai kamfanin duk abinda ya tara akan karatun yayansa yake zubawa wasu har Ingila da Amurka.

Amma abinda yafi bani mamaki ba masu digirin bane, yaran dake kan injin ne. Yarinya daga kauye zaka mika mata takardar oda da awo da lambar kala ta karanta da kanta ta fitar maka da abinda kace ba sai an tsaya akanta ba, kowa ya iya karatu da lissafi daidai gwargwado. Ni inaga wannan ne yasa kamfani ke iya tsayuwa har ya samu kudin daukar mai digiri, in babu wadannan yaran injiniyan wa zai ba umarni.

Injiniya_Kharkov86

Alhaji ya taɓo gaskiya, ai tun 1986 Sin ta yi dokar karatun shekara tara dole.

Ni ina cikin waɗanda suka yi karatu a Tarayyar Sobiyet da sukolashif, kuma ina so in ja hankalin 'yarmu kada ta ɗauki Sin ta ce haka ko'ina ya kasance. Sin a hankali ta saki, tattalin arzikinta yana girma. Rasha dare ɗaya aka yi, Janairun 1992 aka saki farashi, a shekarar nan hauhawar farashi ta kai wajen kashi 2,500 cikin ɗari, ajiyar mutane ta banki ta narke, masana'antu suka tsaya, malamai da likitoci da masu bincike sai su yi watanni ba albashi. Abokan karatuna da na sani ƙwararru ne wallahi, mutanen da za su zana maka injin jirgi, wasunsu suka koma fatauci da manyan jakunkuna suna zuwa Turkiyya da Sin da Folan suna saro riguna suna tsayawa a kasuwa cikin dusar ƙanƙara, mata sun fi yawa a wannan sana'ar, da yawansu masu digiri. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci don ilimi ne na gaske aka bari ya lalace.

Amma duk da haka idan aka auna a ƙasashen yankin za a ga ribar karatu ta tashi. A ƙasar Cek misali an samu shekarar karatu tana ƙara wa namiji kamar kashi 2.7 a 1989, zuwa 1996 ta kai 5.8. To sai dai ki lura da abu biyu. Tazara tana iya ƙaruwa alhali kowa yana talaucewa, mai digiri ya sauka hawa ɗaya lebura ya sauka hawa uku, a takarda sai a ce darajar karatu ta tashi amma shi mai digirin a gidansa nama ya ragu. Na biyu kuma wane karatu? Wanda ya karanta shari'a ko akanta ko ya iya Turanci da Jamusanci kasuwa ta buɗe masa, wanda aka horar da shi shekara biyar a kan inji guda na masana'antar makamai guda, ranar da aka rufe ta takardarsa ta zama ta ajiya. Matasa suka wuce dattawa saboda ƙwarewar shekara ashirin a tsohon tsari babu mai saye. Su kuwa manyan masana'antu da rijiyoyin mai na Rasha, waɗanda suka mallake su yawanci daraktoci ne da masu kusanci da gwamnati, musamman a cinikin 1995 da gwamnati ta ba bankuna hannun jarin kamfanoninta jingina don ta karɓi bashi.

Nusaiba_Aji3

Kai masha Allah, na gode ƙwarai iyayena. Baba Injiniya maganarka ta ƙarshe ta sake tayar min da wata tambayar, anya ba hanya da sanayya ce ke aiki ba aka laƙaba wa karatu? Ina nufin ɗan babban mutum shi ke samun jami'a mai kyau kuma shi ake kira a ba aiki, to in an ga albashinsa da yawa ta yaya za a san digirin ne ya jawo ba gidansu ba? Malam Garba dan Allah.

MalamGarba_Samaru

Madalla, wannan tambayar ita ce ta raba masana shekara da shekaru. Victor Nee a 1989 ya kawo ra'ayin cewa duk yadda kasuwa ta faɗaɗa ikon jami'an jam'iyyar Kwaminis mai mulki zai ragu, mai ilimi da mai sana'a su samu, ya dogara da abin da ya gani a ƙauyukan lardin Fujian. Wasu suka ce a'a, Yu Xie da Emily Hannum suka duba bayanan biranen Sin na 1988 suka ga biranen da suka fi saurin bunƙasa ba su ne suka fi biyan karatu ba, wasu kuma suka nuna katin jam'iyya bai daina amfani ba ko bayan an saki kasuwa, jami'in da ke sa hannu a takardar fili da bashin banki ai kasuwar ma ƙara masa daraja ta yi. A nawa ganin dukansu biyu sun faru tare, karatu ya tashi, hanya kuma bata mutu ba.

Kan batun gida kuwa akwai binciken da nake so ki nema, Hongbin Li da abokansa suka tattara tagwaye masu kama ɗaya a biranen Sin, uwa ɗaya uba ɗaya gida ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya shekarun makaranta. Da aka yi lissafi yadda aka saba sai aka samu kashi 8.4, da aka kwatanta Hassan da Husaininsa kawai sai ya sauko 2.7. Kinga kenan babban kaso na abin da ake kira ribar karatu gida ne da baiwar da mutum ya zo da ita. Kuma da suka rarraba sai suka ga shekarun babbar sakandare su kaɗai kusan basa ƙara komai, saboda haddar jarrabawar shiga jami'a kawai ake yi a cikinsu, ribar tana wajen wanda ya samu ya wuce jami'a ko ya yi makarantar koyon sana'a. Wannan ya dame ni sosai lokacin da na karanta, domin yaron talakan da iyayensa suka sayar da abin hannunsu ya yi shekara ukun nan ya faɗi jarrabawa, shi ne ya yi asara mafi girma.

Zahra_Wuhan

Slm. Ni yanzu haka ina digiri na biyu a Sin, bari in ƙara muku da yadda abin yake yau don labarin bai tsaya a 2001 ba. A 1999 gwamnati ta buɗe ƙofar jami'a sosai, daga ɗaukar ɗalibai kamar miliyan 1 a 1998 zuwa kusan miliyan 1.6 a shekara ɗaya, kuma aka ci gaba da ƙarawa har a 2024 waɗanda suka gama sun kusa miliyan 12 a shekara guda. Da farko kasuwa ta shanye su saboda shigar ƙasar ƙungiyar ciniki ta duniya a ƙarshen 2001 ya kawo aiki ba iyaka, amma yanzu ƙawayena 'yan ƙasar hankalinsu a tashe yake, a watan Yunin 2023 rashin aikin matasa a birane ya kai kashi 21.3 har hukuma ta dakatar da fitar da alƙaluman na wasu watanni, zaki ga mai digiri yana kai abinci gida gida a babur, kuma yanzu tambayar ba kina da digiri bane, daga wace jami'a, in ba daga manyan nan ba ko takardarki basa buɗewa.

Abin da yafi taɓa ni shine yadda suke rububin komawa aikin gwamnati, sama da mutum miliyan 3 ke neman jarrabawar aikin gwamnatin tsakiya a kan guraben da basu kai dubu 40 ba, alhali iyayensu a shekarun 1990 barin aikin gwamnati suke yi su shiga kasuwanci. Wata ƙawata shekararta ta biyu kenan tana zaune a ɗaki tana karatun jarrabawar nan, iyayenta manoma ne, in muna magana sai ta ce bata da fuskar komawa gida hannu rabbana.

Sannan Alhaji yaran da ka gani a kan inji, yawancinsu rajistar zamansu ta ƙauye ce, tsarin da aka kafa tun 1958, ma'aikata 'yan ci-rani irinsu a 2024 sun kusa miliyan 300, kuma a manyan birane 'ya'yansu basa samun makarantar gwamnati cikin sauƙi, jarrabawar jami'a ma yawanci sai sun koma lardinsu. Binciken da Malam ya kawo na mazauna birni ne, su waɗannan rabonsu daga ribar karatun ya fi ƙanƙanta.

DanMaradi_227

Salamu alaikum yan uwa na Najeriya, mu ma nan Nijar mun ɗanɗana. A da in ka gama jami'a aikin gwamnati yana jiranka, da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo aka tsaida ɗauka aka taɓa kuɗin ɗalibai, kan irin wannan ne ɗalibai suka fito a Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy. Sai kuma Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata ga albashi ya zube ga bashin watanni ba a biya ba, lakkol, wato makaranta, ta yi shekarun da aka soke gaba ɗaya. Mu kamfanoni basu zo ba kamar Sin, wanda karatunsa ya biya shi shine wanda ya samu shiga foroje na ƙungiyoyin waje ko ya fita ƙasar. Yayana malamin makaranta ne lokacin, ƙarshe kasuwar Jibiya ya koma yana sayen kaya yana kawowa Maraɗi, kuma da wannan ya riƙe mu.

MalamGarba_Samaru

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ɗan'uwa. Nusaiba, abin da ya faɗa shi ne kusan namu. Najeriya dama bata taɓa zama irin Sin ko Sobiyet ba, kasuwanninmu a buɗe suke tun kaka da kakanni, amma mai karatu gwamnati ce babbar mai ɗaukarsa, kuma ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 da kuɗin mai sun ɗaga shi sama. Da SAP ta zo a 1986 aka saki naira, daga kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen naira huɗu cikin 'yan watanni, albashi bai bi ba, likitoci suka tafi Saudiyya malaman jami'a suka watse. Rabin farko na labarin Sin kenan. Rabi na biyu, wato kamfanoni masu yawa suna gasar neman ƙwararru, a wurare kaɗan ya faru, bankuna da suka ninka kusan sau uku zuwa farkon shekarun 1990, kamfanonin mai, sai na waya bayan 2001, kuma yawancinsu a Legas. Masaƙun Kakuri da masana'antun Sharaɗa da Bompai da ya kamata su ɗauki injiniyoyinmu da akantocinmu rufewa suka riƙa yi, ba wuta ga kaya masu araha suna shigowa, daga Sin ɗin ma.

A aikin naki kada ki haɗa kowa a kwando ɗaya. Ki ware ma'aikatan gwamnati daban, na kamfanoni daban, masu aikin kansu daban, domin hukumar ƙididdiga ta ƙasa tana cewa sama da kashi 90 na masu aiki a Najeriya basa cikin aikin da ke da rajista, mutanen Alhaji kenan, kuma su tambayar da za ki yi ita ce ko karatu yana ƙara wa tela ko manomi ko mai shago ciniki. Ki kuma raba kowane albashi da farashin kaya na shekarar kafin ki kwatanta, in ba haka ba naira dubu 70 ta mafi ƙarancin albashin 2024 za ta yi miki kama da ci gaba. Idan kin samu dama ki zauna da babanki da takardun albashinsa na 1985 da na 1990 in yana da su, ki tambaye shi nawa buhun shinkafa yake a kowace shekarar, ki sa a shafin farko.